In za a zana Sarauniya Mangu, wace fuska za a ba ta?

Masu saida jakunkunan ƴan lakwal sun fi kowa sanin ƙarfin hoton zane. In aka aza jaka biyu bisa tebur, kuɗinsu ɗaya, ɗinkinsu ɗaya, yaro zai nuna wadda ke ɗauke da hoton Miki ko Spiderman, uwa kuma ta kwance bakin zane ta biya ko da ranta bai so ba. Waɗannan hotuna sun fito ne daga finafinan zane mai motsi, waɗanda yaranmu ke ce ma desan anime, wasu kuma katun, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka haifa a ƙasarmu. Yanzu da kwamfuta da wayar salula suka sa aikin zane ya yi sauƙi, matasanmu ma sun fara gwada hannunsu, kuma duk wanda ya tashi neman gwarzo ko gwarzuwa daga cikin labaran gida, da wuya ya tsallake sunan Sarauniya Mangu ta Lugu, a nan ƙasar Arewa. To amma fa akwai tambayar da ke jiran duk mai wannan niyya tun kafin ya fiƙe fensirinsa: wace fuska zai ba ta?

Tambayar tana da nauyi, domin babu wani hoton Mangu da aka ɗauka tana raye wanda mai zane zai aje gabansa ya kwaikwaya. Abin da ya zana shi yara za su riƙe, shi za su ba nasu ɗiyan, har a wayi gari ya zama shi ne Sarauniya a idon duniya.

Fuskoki uku na mace guda

Kamar yadda aka sani, a shekarar 1899 ne ayarin sojan Faransa, ƙarƙashin kaftin Vule da kaftin Shanuwan, ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufi tafkin Cadi, yana ƙone garuruwa yana kashe bayin Allah a kan hanya. A tsakiyar watan Afrilu suka iso Lugu, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Dankasari ta gundumar Dogondutsi, inda mutanen Sarauniya suka ƙi miƙa wuya, suka tare su da baka da kibiya. A lissafin Turawan da kansu, an kashe masu soja 4, an raunata 6. Ayarin ya ƙone garin ya wuce, ya je ya yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni, kafin a watan Yuli na wannan shekara sojojinsu su juya masu baya su hallaka su duka biyun a yankin Tasawa.

Daga wannan rana zuwa yau an ba Sarauniya fuska har uku. Ta farko ita ce wadda Turawan ayarin suka bari a rubuce-rubucensu, inda suka ɗauke ta a matsayin tsohuwar matsafiya mai tunzura jama'a. Wannan fuskar abokin gaba ce, kuma ba a tambayar kura halin kare. Ta biyu ita ce wadda marigayi Abdulaye Mamani ya fito da ita cikin littafinsa mai suna Sarraounia a 1980: jaruma mai jini a jika, wadda ta koyi harbi da sanin itatuwan magani tun tana ƙarama, tana gaban mayaƙanta. Daga wannan littafi ne Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya shirya fim ɗinsa na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, inda Ai Keita ta fito a matsayin Sarauniya, har ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Yawancin waɗanda suka san sunan Sarauniya a wajen Arewa, wannan fuska suka sani. Littafin da fim ɗin sun yi babban aiki, don su suka kai sunan Lugu inda ba a taɓa jin sa ba, sai dai kar a manta ƙagaggen labari ne da marubuci ya gina a kan tarihi, ya ƙara masa gishiri yadda ya ga ya dace.

Fuska ta uku tana Lugu. A can, Sarauniya sarauta ce da ta girmi Mangu kuma ta ci gaba bayanta. Labarin kaka da kakanni ya ce ta farkonsu daga Daura ta taso, dutsen Tunguma na yi mata jagora har inda ta zauna. Mai riƙe da wannan sarauta ba ta yawo, tana zaune cikin ɗakinta sanye da farin zane, tana kaɗin auduga, jama'ar gargajiya suna zuwa wurinta kan sha'anin damina da lafiyar ƙasa. In ta rasu, ta hanyar tarkama ake gane magajiyarta, wato a ɗauki gawar har ta nuna wadda za ta gaje ta. Saboda haka a idon mutanen Lugu, ƙarfin Mangu yana cikin zamanta daram da kuma maganarta da ba ta canza ba ranar da sarakuna da yawa suka ga babu mafita sai sallamawa.

Mai zanen da ya ɗauki fuska ta farko ya zagi Arewa. Wanda ya ɗauki ta biyu kaɗai ya maimaita aikin da wasu suka riga suka yi. Wanda ke son ya kawo sabon abu, sai ya kama hanyar Lugu.

Abin da aikin zane ke buƙata

Domin a gane dalilin da ya sa zaɓin ke da wuya, sai an san yadda ake sa hoto ya motsa. A sinima, hotuna 24 ne ke giftawa gaban ido cikin daƙiƙa guda. Masu zane da yawa sukan tsaya a zane 12, kowane a nuna shi sau biyu. Ke nan minti guda yana cin zane 720, fim na minti 10 kuma zane 7,200. Duk ɗan kunne ko dutsen wuya ko layar da aka rataya ma Sarauniya, sai an bi shi cikin waɗannan hotuna duka, ta gaba, ta gefe, ta baya. Kwamfuta ta rage wahalar, amma ba ta kawar da ita ba. Shi ya sa gwanayen wannan sana'a ba su lafta ma mutum kaya. Sukan zaɓi alama biyu ko uku waɗanda da an hango su an san ko wane ne.

Suna kuma da wani gwaji da kowace mai rumfa za ta gane nan take. Sukan shafe hoton da baƙi ƙirin ya zama inuwa kawai, su ga ko za a iya shaida shi. Haka mai saida kayan miya ke shaida abokiyar cinikinta tun daga bakin kasuwa, kafin ta ga fuskarta, ta wurin tafiyarta da ɗaurin kallabinta da yadda take aza ƙwarya a ka. Idan inuwar Sarauniya ta yi kama da ta kowace jarumar fim ɗin waje mai takobi, aikin bai yi ba. Idan kuwa aka ga mace zaune, bayanta a miƙe, mazari na juyawa a hannunta, mayaƙa na tsaye suna jiran ta buɗe baki, to wannan inuwa babu mai irinta a duniya.

Ba sai mun je nesa neman malami a wannan fanni ba. Marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ɗan ƙasar nan ne, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Da wasan inuwa ya fara tun yana saurayi, yana yanka kwali yana haska shi da fitila, kafin ya je Kanada ya ƙaro sani. A fim ɗinsa Bon voyage Sim na 1966, kwaɗo ya zana a matsayin shugaban ƙasa mai tafiya ziyarar aiki, da ƴan layuka kaɗan, amma kowa ya gane inda zancen ya dosa. A Samba le grand na 1977 ya yi aiki da ƴan tsana a kan wani labarin gargajiya, a Kokoa kuma ya shigar da dabbobi filin kokowa irin tamu. Ya yi shekaru yana aikinsa a Tawa da kayan da hannunsa ya kai gare su. Darasinsa shi ne, abin da ke ƙofar gida ya isa a yi fim da shi in an dube shi da kyau.

Inda ake yin tuntuɓe

Wuri na farko shi ne tsage. Kowa ya san tsagen Arawa, wanda ke tashi daga gefen baki ya nufi kunne, kuma mai zane zai yi saurin ɗora ma Sarauniya shi don a ce ƴar Arewa ce. To amma tarihin ƙasar nan ya bambanta Gubawa, masu ƙasa na farko irin na Lugu da Bagaji, da Arawa waɗanda ke danganta kansu da Ari ɗan sarkin Barno, masu riƙe da sarautar mulki. Tsage shaidar gida ce, kuma tsofaffi da wanzamai ne suka san wace aska ke ta wane gida. A tambaye su kafin a ja layi ko ɗaya a kumatunta.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne, ya dubi abin da ya sami kamfanin Disney na Amurka a 2016. Da za su fito da fim ɗin Moana, wanda suka gina kan labaran mutanen tsibiran tekun Pasifik, sun ɗinka ma yara wata riga mai launin fatar mutum ɗauke da zanen jikin gwarzon labarin, Mawi. Mutanen tsibiran suka ce an mai da fatarsu da alamun kakanninsu kayan wasa. Dole kamfanin ya nemi gafara ya kwashe rigunan daga kantuna. Ɗan kasuwa ya san ma'anar a ce kayan da ka riga ka zuba ma jari ba su sayuwa.

Wuri na biyu shi ne abubuwan da mutanen Lugu ke girmamawa, kamar Tunguma da tarkama. Mafi yawan ƴan Arewa a yau musulmi ne, kuma kowa da yadda yake kallon waɗannan al'adu, amma masu su suna nan da ransu. Abin da suka yarda a nuna, a nuna shi yadda yake. Abin da suka ce a bari, a bar shi. A nan ne Sarauniya ta bambanta da Gizo da Ƙoƙi. Gizo na kowa ne, ana iya kumbura masa ciki, a ja masa ƙafafu, a bar shi da tsamin bakinsa yara su yi ta dariya, babu wanda zai ce an taɓa kakansa. Matashin da ke koyon aiki, gara ya fara da Gizo da kura da Botorami, hannunsa ya faɗa, kafin ya tunkari Mangu.

Wuri na uku shi ne murya. Bayan an gama zane, wata ce za ta ara ma Sarauniya bakinta. In aka ji ta tana Hausar da ba ta Arewa ba, tsofaffin Matankari da Kore Mai Ruwa za su gane tun daga gaisuwar farko. Mai cewa tahiya da hwari, wadda ta tashi tana jin karin maganar dallol, ita ta dace da wannan aiki.

Rabon kasuwa a ciki

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada. Kiriku, wanda Bafaranshe Mishel Oselo ya fitar a 1998 daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma da kuma ƙuruciyar da ya yi a Gine, ya zagaya duniya, ya haifi littattafai da kayan wasa. A Abijan, kamfanin Afrikatoon ya fitar da fim ɗin sarauniya Poku a 2013, ƴan ƙasar suka zana tasu da hannunsu. Hoton da yara suka so ba ya tsayawa a tele. Yana sauka kan jaka da littafin rubutu da riga da atamfa, kuma mai hoton ne ke karɓar ladan kowane guda. Don haka matashin da ya zana tasa Sarauniya ya hanzarta kai ta hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, a rubuta da sunansa, kada a wayi gari a buga ta a wata ƙasa a dawo a saida mana. Kuma in riba ta samu, adalci ne a tuna da garin da aka ari sunansa, ko da rijiya ce ko ajin lakwal.

Ku kuma iyayenmu mata na kasuwannin Dogondutsi, Tibiri, Dumega da Dankasari, kayan aikin wannan zane a hannunku suke. Ku kuka san yadda ake ɗaura zanen saƙi na da, da bambancin baƙin rini da fari, da irin kitson da tsohuwa ke yi wanda budurwa ba ta yi, da yadda ake riƙe mazari, da ƙwaryar da ake ba baƙo ruwa a ciki. Babu intanet ɗin da zai ba yaro wannan sani. In wani matashi ya tsaya bakin rumfarku da takarda da fensir yana tambaya, kada ku kore shi don ba sayayya ta kawo shi ba. Ku ba shi tabarma, ku nuna masa, in ya zana ba daidai ba ku ce ya sake. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hoto kuma tun yana kan takarda ake gyara shi, don in ya shiga idon yara ya wuce gyara. Allah ya ba matasanmu basira da haƙurin tambaya, ya kuma sa albarka a kasuwa.