Makabarta Ba Filin Gado Ba Ce

Duk wanda ya raka gawa a cikin damina ya san abin da nake nufi. Za ka ga gefen makabarta ya rufta, ruwa ya yi kwazazzabo, itacen kabari ya fito fili. Mutane sai su yi salati, su ce ikon Allah, su wuce. Ikon Allah ne, amma galibi akwai hannun mutum a ciki, kuma tun da rani aka fara ɓarnar.

Ga yadda abin yake faruwa. Mai yin tubali ko mai neman jar ƙasa ya zo gindin makabarta da diga da shebur, ya ɗebi kura ɗaya. Gobe wani ya zo da amalanke, jibi tifa ta shigo. Kafin a ankara an yi kududdufi. Ruwan farko yana sauka sai ya bi ramin, ya riƙa cin ƙasa ta ƙarƙashi har ya kai ga kushewa. Irin wannan haƙa ce ta taimaka wajen cinye sassan ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu. Abin da ya kayar da ganuwa, kabari mai kamu biyu ne zai tsaya masa?

Bayan masu haƙa sai masu gini. Makabartar da ba ta da katanga ba ta da iyakar da za a nuna. Maƙwabci ya matso da taku biyu ya yi makewayi, na kusa da shi ya ƙara da turken awaki, dillalin awon igiya kuma ya yanka fuloti ya ce ai nan tsohuwar gona ce. Mai saye yana murnar araha, sai ranar haƙa harsashi ya ci karo da ƙasusuwan bayin Allah.

Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, kabari waƙafi ne ga wanda yake cikinsa: ba a taka shi, ba a tona shi muddin ana zaton akwai sauran mamacin a ciki, sai da wani uzuri da malamai suka fayyace. Hadisi ya daidaita zunubin karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. A nan ne wasu suke rikicewa. Sun ji an hana gini a kan kabari da shafe shi da siminti, sai su ɗauka katange makabarta ma laifi ne. Ba haka ba ne. Abin da aka hana shi ne ƙawata kabari, ita kuwa katangar da ta zagaye makabarta kariya ce daga karnuka, da masu zuba shara, da ɓata-garin da ke tonon dare.

Dokar ƙasa ma tana nan. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin samar da makabartu da kula da su. Saboda haka idan kwamitin unguwa ya je sakatariya neman a yi katanga, haƙƙinsa ya je nema, kada ya shiga kamar mai roƙo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka 'yar takardar da dillali ya rubuta maka ba za ta hana a rushe ginin da ka yi a filin jama'a ba. Kundin Final Kod na Arewa shi ma ya tanadi hukunci ga wanda ya keta alfarmar wurin binne mutane ko ya wulaƙanta gawa.

Akwai kuma batun ruwa, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ba da shawarar a bar tazarar mita 250 tsakanin kaburbura da rijiya ko burtsatsen da ake sha. Ka auna wannan da gidajen da suka jingina da makabarta, kowanne da rijiyarsa a tsakar gida.

Masu haƙar kabari su ne suka fi kowa sanin inda iyaka ta tsaya, domin wasunsu sun shafe shekaru a wurin, suna rayuwa da ɗan abin da masu rakiya suka miƙa musu. A kira su tare da mai unguwa da liman, a zagaya, a auna, a rubuta, a kai wa ƙaramar hukuma kwafi. Inda babu kuɗin bulo, a dasa bishiyoyi a kan iyaka kafin a samu.

Kai kuma mai neman fili, idan aka nuna maka fuloti mai araha a gefen makabarta, kada ka biya ko sisi sai ka tambayi dattawan unguwar abin da yake wurin shekara talatin da suka wuce.