Thomas, ƙanin Corneille

A Faransa in an ce Corneille, Pierre ake nufi, wanda ya rubuta wasan kwaikwayon nan Le Cid. Ƙalilan ne suka san yana da ƙane mai suna Thomas, wanda a zamaninsu ya taɓa tara 'yan kallon da yayan bai taɓa tara irinsu ba.

An haifi Thomas a birnin Rouen a 1625, Pierre ya girme shi da shekara 19. Ya tashi ya tarar sunan gidansu ya riga ya zama na wani. Duk da haka bai guje wa yayan ba, sawunsa ma ya riƙa bi. Ya karanta shari'a kamar shi, ya koma rubutun wasa kamar shi, da ya tashi aure kuma sai ya ɗauko Marguerite, ƙanwar matar Pierre. Iyalan biyu sun yi shekaru suna zaman gida ɗaya, tare kuma suka ƙaura birnin Faris a 1662.

A 1656 ya fitar da Timocrate. An yi wajen wata shida ana nuna shi, kusan sau 80, jama'a ba su daina tururuwa ba. A ƙarnin duka babu sabon wasan da ya jera haka, ko na shahararrun marubutan wasa Molière da Racine. Mutumin ya san abin da 'yan kallo ke so. A 1679, lokacin da wata bokanya, La Voisin, ke tsare bisa zargin sayar da guba, gari ya ɗauka da zancenta, sai shi da abokinsa Donneau de Visé suka shirya wasa kan bokanyar ƙarya, aka yi ta cinikin tikiti wata da watanni.

Da Pierre ya rasu a 1684, Thomas aka ba kujerarsa a majalisar masana harshen Faransanci. Ranar da aka karɓe shi, Racine ne ya yi jawabin maraba, kuma abin da ake tunawa da jawabin har yau shi ne yabon da ya zuba wa marigayin. Taron ƙane, ado na yaya.

Akwai wadda ta fi wannan ciwo. Bayan rasuwar Molière, Thomas ya mayar da wasan marigayin mai suna Dom Juan cikin baitoci, ya rage masa zafin da ke ɓata wa malaman coci rai. Wannan aikin nasa aka riƙa nunawa har cikin shekarun 1840, amma da sunan Molière.

Da tsufa ya zo ya koma haɗa ƙamus. Idanunsa sun riga sun mutu sa'ad da ƙamus ɗinsa na ƙasashe da tarihi ya fito a 1708, juzu'i uku. Ya rasu a Les Andelys a 1709 yana da shekara 84, ya bar wasanni kusan 40. Yau yaran makaranta a Faransa suna karanta Le Cid, Timocrate kuwa da wuya ka sami gidan wasan da ke nuna shi.