Gaskiya ko Jita-jita: Rigar Sanyi ta Masu Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Turai ko Kanada, wata rana abokai za su ja shi zuwa dutse wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Nan take masu ba da shawara za su yi masa caa a kan rigar da zai saya, kuma galibin abin da za su faɗa jita-jita ne.

Na farko za su ce a nemi mai nauyi. Wannan ba gaskiya ba ne. Riga ba ta haifar da zafi. Jikin mutum ne murhun, ita kuwa aikinta irin na fulas ne, ta tsare ɗumin kada ya gudu. Abin da ke tsarewar shi ne iskar da ta maƙale a cikin abin da aka cusa wa rigar. Shi ya sa laushin gashin ƙirjin agwagwa ko dinya ya yi suna: ga shi sakayau, ga shi yana kumbura ya kama iska mai yawa. Lambar da ake rubutawa a jiki, 600 ko 800, tana nuna yawan kumburin gashin ne, ba yawan wanda aka zuba ba. Mai 800 da aka yi wa ƙwauron gashi tana iya kasa mai 600 da aka cika.

Sai masu cewa gashin tsuntsu ya fi komai. A busasshen sanyi haka ne. Amma da zarar ya jiƙe sai ya dunƙule ya kwanta, ɗumin ya tafi. Matsalar nan ce ta sa aka ƙirƙiro zaren roba irin su PrimaLoft, wanda aka fara yi wa sojojin Amurka a shekarun 1980. Bai kai gashi sauƙin nauyi ba, sai dai yana riƙe ɗumi ko da danshi, kuma yana saurin bushewa. Ga sabon shiga, wanda zai wuni yana faɗuwa yana tashi cikin ƙanƙara, ni na roba zan zaɓa masa ba tare da wani dogon tunani ba.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce cewa wadda ta fi ɗumi ita ta fi kyau. Mu da muka tashi da randa mun san yadda take sanyaya ruwa: danshi ya tsattsafo ta jikinta, iska ta busa, zafi ya fita. Haka jikin da ya yi gumi yake zama. Mai zamiya yana aiki tuƙuru in yana gangarowa, gumi ya keto masa, sannan ya hau kujerar nan da waya ke ja zuwa ƙololuwar dutse ya zauna shiru, iska na dukansa. Ga shi kuma duk hawan mita 1,000 yanayi yakan ƙara sanyi da kusan digiri 6.5. A wannan zaman ne jiƙaƙƙen kaya ke zuƙe mutum, domin ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi ninki ashirin da wani abu. Don haka ƙwararru ke sa kaya hawa-hawa: na ciki na ulu ko na roba mai janye gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, sai na waje mai tare iska da ruwa, mai zif a hammata don a buɗe in zafi ya yi yawa. Singiletin auduga, wadda ke yi mana daɗi a zafin bazara, a can ita ce abokiyar gaba, don tana shan gumi ta riƙe.

Batun "ba ta shan ruwa" kuwa rabin gaskiya ne. Akwai mataki-mataki. Mai lambar jure ruwa 10,000 ta wadatar a yawancin ranaku, mai 20,000 kuma ta jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ce. Yadi irin Gore-Tex, wanda ya shigo kasuwa a 1976, yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai da ɗigon ruwa ba ya ratsawa amma tururin gumi yana fita. Duk da haka, in ba a liƙe bakin ɗinki ta ciki ba, ruwa zai bi hudar allura.

Wanda zai tsaya gwanjo a Ƙofar Wambai kafin tafiya bai yi laifi ba, ana dacewa da masu kyau. Sai dai ya juya cikin rigar ya duba ko liƙin ɗinkin ya fara ɓantarewa, ya matse ta ya ga ko za ta sake kumbura, ya ɗiga mata ruwa ya ga ko zai gangare ko zai nutse. Ya kuma gwada ta a kan suwaita, ya ɗaga hannuwa sama. In ƙugunsa ya buɗe, ta nan ƙanƙara za ta shiga a faɗuwar farko.