Kujerar Koci da Sunan Mai Kuɗi

A Jami'ar Michigan ta Amurka, muƙamin babban kocin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka yana ɗauke da sunan iyalan J. Ira da Nicki Harris, waɗanda suka ba da dala miliyan 10 a shekarar 2014. Koci ya zo, koci ya tafi, sunan Harris na nan manne da kujerar. A Stanford abin ya wuce babban koci. A 2012 wani da bai yarda a bayyana shi ba ya ɗauki nauyin muƙamin mataimakin koci mai tsara kai hari, ya ce a sa masa sunan Andrew Luck, ɗan wasan jami'ar da ya yi fice. Harvard da Yale ma suna da irin waɗannan kujeru.

Tsarin ya yi kama da wakafi. Ba a taɓa uwar kuɗin. Jami'a na juya su a hannun jari, kowace shekara ta ciri kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ta zuba a albashi da hidimar muƙamin. An daɗe ana yi wa kujerun farfesoshi haka kafin sashen wasanni ya ara.

Sai dai lissafin na da abin lura. Dala miliyan 10 za ta haifar da abin da bai wuce dala dubu 500 ba a shekara, alhali manyan kocin jami'o'in Amurka a yau wasunsu na karɓar fiye da dala miliyan 10 a shekara guda. Ke nan a babbar ƙwallo kyautar ba ta biyan ko kashi ɗaya cikin goma na albashin. Inda take aiki da gaske shi ne ƙananan wasanni, irin su kokawa, ninƙaya da tseren kwale-kwale, waɗanda ba sa kawo kuɗin talabijin. A Yulin 2020 Stanford ta ce za ta soke wasanni 11 cikin 36 da take da su saboda ƙarancin kuɗi. Tsofaffin ɗalibai suka tashi tsaye, suka tara alkawuran miliyoyin daloli, a Mayun 2021 jami'ar ta janye shawarar. A ganina nan ne irin wannan kyauta ta fi cancantar yabo, domin ɗan kokawar da kocinsa ke da asusu na dindindin ba ya kwana da fargabar a rufe ƙungiyarsa.

Matsalar tana tasowa ne idan mai bayarwa ya ɗauka ya sayi baki a harkar. A Janairun 2011 attajiri Robert Burton ya rubuta wa Jami'ar Connecticut cewa a mayar masa da dala miliyan 3 da ya bayar, a kuma cire sunan iyalansa daga ginin horon 'yan ƙwallo. Laifin jami'ar a wurinsa shi ne ta ɗauki Paul Pasqualoni a matsayin koci ba tare da an ji ra'ayinsa yadda yake so ba. Daga baya an sasanta, amma wasiƙar ta fito da abin da akasari ake yi a bayan fage. Shugaban sashen wasanni da ke dogaro da aljihun mutum ɗaya da wuya ya ce masa a'a.

Sayar wa kamfani sunan fili kuma ciniki ne tsagwaronsa, kuma nan ma jami'o'i sun sha ɗanɗana kuɗarsu. Jami'ar Syracuse ta karɓi dala miliyan 2.75 daga kamfanin Carrier, ta ba shi sunan rufaffen filinta da aka buɗe a 1980, ba tare da wa'adi ba. Darajar irin wannan suna ta yi ta ninkawa, jami'ar na kallo, sai a 2022 ta samu ta warware yarjejeniyar ta ƙulla sabuwa da JMA Wireless. A Louisville an cire sunan Papa John's daga filin jami'a a Yulin 2018, bayan da aka ji wanda ya kafa kamfanin, John Schnatter, ya furta kalmar wulaƙanta baƙar fata. A Florida Atlantic kuwa ɗalibai ne suka hana. A 2013 kamfanin GEO Group, mai gudanar da gidajen yari na kasuwa, ya yi tayin dala miliyan 6 don sunan filin, zanga-zanga ta sa ya janye.

Neman kuɗin zai ƙaru. Tun da kotu ta amince da sulhun ƙarar da ake kira House, wadda aka shigar a kan hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, a Yunin 2025, kowace jami'ar da ta shiga tsarin na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Dole a nemo waɗannan kuɗi, kuma sunan kujera ko na fili na cikin 'yan abubuwan da suka rage na sayarwa. Ya kamata kowace yarjejeniya ta fayyace wa'adinta, da sharaɗin cire suna idan mai shi ya yi abin kunya, ta kuma rubuta ƙarara cewa ɗaukar koci da sallamarsa hurumin jami'a ne ita kaɗai.