Farin Kaya Kaɗai Ba Ya Yin Jinya

Duk wanda ya taɓa kwana jinyar ɗan'uwansa a Babban Asibitin Katsina ya san likita yakan zaga ne ya wuce, amma nas tana nan har gari ya waye. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu duba abin da ake nema ga masu koyon wannan aiki.

Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ba ta ba ɗalibi lasisi sai ya ci jarrabawarta, ko shekara uku ya yi a makarantar nas, ko biyar a jami'a. Abin da ake gwadawa kuwa ya wuce hadda.

Da farko akwai lura. Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne, bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 a minti. In ɗaliba ta ga yaro da zazzaɓi, wuyansa ya ƙage, dole ta tuna da sanƙarau, cutar da ta hallaka dubbai a Arewa a 1996, ta kira likita nan take.

Sai aikin hannu: wanke hannu kafin taɓa majinyaci, auna magani daidai nauyin yaro, da rubuta lokacin da aka ba shi, kada mai karɓar aiki ya maimaita.

Sai iya baki. Uwar da ta taso daga Batsari tana bukatar bayani da Hausar da za ta gane, ba tsawa, a kuma rufa mata asiri.

Ɗalibanmu, ku tuna, watarana mahaifiyarku ce za ta kwanta a gadon nan.