Sanƙarau: Yadda likitoci ke gano ƙwayar cutar da ta kwantar da majinyaci

Duk shekara, daga lokacin hunturu har zuwa faɗuwar damina, asibitoci a arewacin Najeriya kan karɓi marasa lafiya masu alamu kusan iri ɗaya: zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, da sanƙarewar wuya. Da ganin haka jama'a kan ce sanƙarau ne. Sau da yawa gaskiyarsu ne, amma a wurin likita aiki bai ƙare ba, domin sanƙarau sunan ciwo ne, kuma ƙwayoyin cuta daban-daban ne ke haddasa shi.

Ciwon kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Wanda bakteriya ke jawowa shi ne mafi haɗari, yana iya kisa cikin sa'o'i 24. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da shi na rasa rai, ɗaya cikin biyar kuma na gamuwa da lahani mai tsanani, kamar kurumta ko farfaɗiya.

Bakteriya uku ne suka fi jawo ciwon ga yara da manya: Neisseria meningitidis, wadda ita ce ke tayar da annoba, da Streptococcus pneumoniae, da Haemophilus influenzae nau'in b.

Abin da alamu ke iya nunawa

Alamu kan nuna wa likita inda zai dosa. Idan majinyaci ya kasa sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, yana gudun haske, hankalinsa na gushewa, zato kan koma ga sanƙarau. Jarirai kuwa ba lallai wuyansu ya sanƙare ba. Sukan ƙi nono, su yi ta kuka, maɗigarsu, wato wurin nan mai taushi a tsakar ka, ta kumburo.

Akwai alamar da ke karkata zato ga ƙwaya guda: ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fata waɗanda ba sa ɓacewa idan an danna su, abin da aka fi gani tare da Neisseria meningitidis. Sai dai ba kowane majinyaci ke fitar da su ba, kuma a baƙar fata suna da wuyar gani. Ga shi kuma zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa na zuwa da suma da jijjiga irin na sanƙarau. Shi ya sa ake buƙatar gwaji.

Ruwan laka

Gwajin yana farawa ne da ɗibar ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka, ta hanyar sa siririyar allura a ƙasan gadon baya, wurin da ita lakar ba ta kai ba. Wasu iyaye kan ƙi amincewa saboda tsoron shanyewar ƙafa, alhali ciwon ne da kansa ke jawo naƙasa idan aka yi jinkirin magani.

Ruwan mai lafiya garau yake kamar ruwan sha. Idan bakteriya ta shiga, yakan gurɓace ya yi duhu-duhu, fararen ƙwayoyin jini su yawaita a cikinsa, sukari ya ragu saboda ciwon, furotin kuma ya ƙaru. A sanƙarau na bairos, wanda magungunan kashe bakteriya ba sa yi wa komai, ruwan kan kasance garau, sukarinsa kuma daidai.

Mataki na gaba shi ne rini. A shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya gano hanyar rina bakteriya da ke raba su gida biyu, kuma har yau da ita ake aiki. A ƙarƙashin madubin likita, Streptococcus pneumoniae kan riƙe rinin ta fito shunayya, biyu-biyu. Neisseria meningitidis kan saki rinin ta fito jaja-jaja, biyu-biyu kamar ƙwayoyin wake masu fuskantar juna. Haemophilus influenzae ita ma jaja-jaja ce, amma siffarta ta gajerun sanduna ce. Cikin ƙasa da sa'a guda ƙwararre kan iya ba likita wannan amsa.

Don tabbatarwa, akan shuka ruwan a faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a ɗumin jikin ɗan Adam na kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ƙwayar ta tsiro, sai a gwada magunguna a kanta don sanin wanda ke kashe ta da wanda ta bijire wa. Neisseria meningitidis ba ta jure sanyi ko jinkiri, don haka ba a sa irin wannan samfuri a firji. Idan tafiya da nisa, akan zuba shi a kwalba ta musamman da ke raya ƙwayar.

Akwai kuma gwajin PCR mai gano ƙwayar ta sinadarin halittarta, ko da ta mutu. Ana yin sa a babban ɗakin gwaje-gwaje na Hukumar Yaƙi da Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja.

Darasin 1996 da 2017

Neisseria meningitidis kanta rukuni-rukuni ce, kuma shida ne suka fi tayar da annoba: A, B, C, W, X da Y. Rukunin A ne ya haddasa annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar MenAfriVac, da aka fara yi a ƙasar a 2011, ta karya lagon wannan rukuni.

A ƙarshen 2016 wata annobar ta ɓulla a Zamfara, ta bazu zuwa Sakkwato, Katsina, Kebbi, Neja da Yobe a 2017. Alamun dai su ne na da, amma gwaji ya nuna rukunin C ne, wanda allurar farko ba ta karewa daga gare shi. Sama da mutum 14,000 aka yi zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Sakamakon gwajin ne ya nuna irin allurar da za a nemo. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga rukunan A, C, W, X da Y. Sauran bakteriyar biyu kuwa, allurar Penta da ta PCV da ake yi wa jarirai ne ke kare yara daga gare su.

Likita ba ya jiran sakamako kafin ya fara magani. Da zarar an ɗebi ruwan, ko ma kafin nan idan ɗibar za ta ɗauki lokaci, akan fara allurar ceftriaxone. Abin da ke ɓata aikin shi ne maganin da aka saya a kemis aka sha a gida, domin yakan raunana ƙwayar ta ƙi tsirowa a faranti, ba tare da ya warkar da ciwon ba. Saboda haka duk wanda zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya suka haɗu masa, a kai shi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita duk maganin da ya riga ya sha.