Me Ya Hana Akilis Cimma Kunkuru?

Wajen shekaru 2,500 da suka wuce, a garin Eleya da ke kudancin Italiya ta yau, wani masanin falsafa Bagirke mai suna Zeno ya kafa hujjar da ta hana masana barci. Ya ce a sa tsere tsakanin Akilis, gwarzon da Girkawa ke yi wa kirari da saurin ƙafa, da kunkuru, amma a ba kunkuru rata. Kafin Akilis ya iso inda kunkuru ya tashi, kunkuru ya ɗan matsa gaba. Kafin ya iso wannan sabon wurin, ya sake matsawa. Haka za a yi ta yi ba iyaka, don haka, in ji Zeno, Akilis ba zai taɓa cim masa ba.

Kowa ya san ba haka abin yake ba, Zeno ma ya sani. Malaminsa Farmenidis yake karewa, wanda ya koyar da cewa motsi da canji ruɗin ido ne. An ruwaito cewa da wani masanin falsafa, Diyojinis, ya ji irin wannan hujja bai ce uffan ba, tashi kawai ya yi ya kama tafiya. Amsa ce mai ban dariya, sai dai ba ta taɓa matsalar ba. Ba a ce masa ba a tafiya. Cewa aka yi ya nuna inda hujjar ta karye.

To, bari mu sa alƙaluma. A ce ratar mita 100 ce, Akilis na cin mita 10 a daƙiƙa, kunkuru mita 1 (mun dai yi wa kunkuru kara, ba ya kai haka). Zangon farko zai ci daƙiƙa 10. Na biyu mita 10 ne, daƙiƙa 1. Na uku mita 1, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Tara su duka: 11.111... har abada, wato daƙiƙa 11 da ɗaya bisa tara, ba ƙari ko ƙiris. A mita 111 da ɗaya bisa tara Akilis zai kamo shi. Zangunan ba su da iyaka a ƙirge, amma jimillarsu tana da iyaka, domin yadda nisan ke ƙanƙancewa haka lokacin ke ƙanƙancewa. Aristotil, wanda ta littafinsa kan ɗabi'ar halitta hujjojin Zeno suka iso mana, ya hango wannan tun da wuri. Ya ƙara da cewa tafiya ɗaya ce a miƙe. Mai lissafi ne ke yanyanka ta a zuciyarsa, mai gudu ba ya tsayawa a kowane yanki.

Sai dai kada a ɗauka ƙanƙancewa kaɗai ta wadatar. A ƙarni na 14 wani malamin Faransa, Nicole Oresme, ya nuna cewa in ka tara ɗaya da rabi da sulusi da rubu'i da humusi, ka ci gaba a haka, jimillar ba ta da inda za ta tsaya. A hankali take hawa ƙwarai, sai ka tara guda 12,367 kafin ta haura 10, amma ba adadin da ba za ta wuce ba. Ke nan fargabar Zeno ba shirme ba ce. A 1821, a littafin masanin lissafi Cauchy, aka shimfiɗa ƙa'ida tsayayya ta gane jerin da ke da matsaya da wanda ba shi da ita.

Malaman ilmin kalam a Basra sun yi wannan kokawa a ƙarni na 9, ta tasu hanyar. Abul Huzail ya ce tilas rabawa ta tuƙe a kan wani ɗan yanki da ba ya rabuwa, in ba haka ba ko tururuwa ba za ta ƙetare takalmi ba. Wannan yanki shi ne jauharul fardi, wanda Ash'arawa suka riƙe daga baya, ɗaliban tauhidi a zaurukanmu kuma suna cin karo da shi a manyan littattafai. Almajirin Abul Huzail, Nazzam, ya ƙi. Ya ce rabuwa ba ta ƙarewa, amma mai motsi yakan yi ɗafra, wato tsalle daga wuri na farko zuwa na uku ba tare da ya bi ta na biyu ba. An yi masa ca a kan wannan magana, ko da yake a ganina ya fi masu sukarsa gane girman matsalar.

Lissafi ya warware batun jimilla, bai ce komai a kan yadda sarari yake a zahiri ba. Ƙa'idar Einstein ta ɗauki sarari a matsayin shimfiɗa mara gaɓa, kuma gwaje-gwaje sun yi ta gaskata ta. Wasu masana kimiyyar fiziks kuwa suna zaton a ma'aunin da ake kira tsawon Planck, wanda ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta ninkin ba ninkin, sarari na iya zama gutsi-gutsi kamar yadda Abul Huzail ya ce. Har yau babu na'urar da ta kusanci wannan ma'auni.